Nicolas Appert: kukun da ya koyi toshe kwalba a rumbun giya, ya bar wa duniya abincin gwangwani

A unguwar Kanvili da ke gefen birnin Tamale, kamar a zangon Kumasi ko na Lome ko na Kwatano, da wuya mutum ya shiga ƙaramin kanti ya rasa abu uku: tumatirin gwangwani, kifin gwangwani da madarar gwangwani. A ƙofar kantin kuma akan tarar da mai sayar da sobolo, wanda ake kira zoɓo a Najeriya, bisap a ƙasashen renon Faransa, ta ɗura shi a tsofaffin robobin ruwa. In wuta ta ɗauke, firji ya huce, kwana ɗaya ko biyu sobolon ya lalace, jari ya tafi. Tumatirin da ke cikin gwangwani kuwa sai ya shekara a kan kanta cikin zafin Tamale bai yi komai ba.

Abin da ya raba su shi ne zafin da aka ba abincin, da kuma murfin da ya hana komai shiga bayan an ba shi zafin. Mutumin da ya fara haɗa waɗannan biyun ya mai da su sana'a Bafaranshe ne mai suna Nicolas Appert. Bai yi karatun kimiyya ba, mai dafa abinci ne. Da sunansa ake kiran wannan aiki a Faransanci har yau, wato appertisation. Yawancin masu sayen tumatirin gwangwani a Tamale ba ruwansu da giya, amma dabarar da ke tsare musu miya daga bakin kwalbar giyar inabi ta samo asali.

Ɗan mai masauki a ƙasar kwalabe

An haifi Appert ranar 17 ga Nuwamba 1749 a garin Châlons-sur-Marne, wanda yanzu ake kira Châlons-en-Champagne, a gabashin birnin Paris. Shi ne na tara a cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Mahaifinsa yana da masaukin baƙi, don haka yaron ya tashi tsakanin murhu da ɗakin ajiya, yana koyon girki, da yin alewa, da ɗura abin sha a kwalba.

Yankin Champagne ya yi suna ne da giyar inabi mai kumfa, kuma babbar matsalar masu yin ta a lokacin ita ce yadda za su riƙe ta a kwalba. Giyar tana ci gaba da tsima bayan an ɗura ta, tana fitar da iska. A kwalbar wannan zamani matsin iskar ya kai kusan ninki uku na wanda ke cikin tayar ƙaramar mota. In kwalbar ba ta da kauri sai ta fashe, in matoshin bai kama ba sai ya yi tsalle ya fita, ko iskar ta sulale giyar ta mutu. Har sai da sarauta ta sa baki: a 1728 Sarki Louis na 15 ya ba da izinin safarar giyar yankin a cikin kwalabe, a 1735 kuma aka fitar da doka da ta ƙayyade nauyin kwalbar, ta kuma wajabta a ɗaure matoshin da kirtani a gicciye.

Matoshin kansa ɓawon wani itace ne da Faransawa ke kira liège, wanda ke fitowa a Fotugal, Sifaniya, kudancin Faransa, Maroko, Aljeriya da Tunisiya. Itacen yakan kai shekara kusan 25 kafin a fara ɓare shi, daga nan sai bayan kowace shekara tara, kuma ɓarewar ba ta kashe shi. Ɓawon yana da taushi kamar soso amma ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. In aka matse shi aka tura a wuyan kwalba sai ya kumbura ya cike gurbin. A yau Fotugal ce ke samar da kusan rabin wanda ake amfani da shi a duniya.

A cikin wannan sana'a Appert ya buɗe ido. Tun yana saurayi ya san kwalba mai kauri, ya san matoshi mai kyau da maras kyau, ya kuma ga yadda ƙaramin sakaci a bakin kwalba ke zubar da aikin shekara guda.

Daga gidan sarauta zuwa kurkuku

A 1772 ya shiga aikin girki a fadar Christian na 4, mai sarautar Zweibrücken a ƙasar Jamus ta yanzu. Da maigidan ya rasu a 1775, sai ya ci gaba da yi wa matarsa hidima a garin Forbach. A 1784 ya ajiye aikin, ya koma Paris ya buɗe kantin alewa da kayan zaƙi a titin Lombards, ya sa masa suna La Renommée. Shekara guda bayan haka ya auri Élisabeth Benoist.

Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, Appert ya shiga ciki tsundum, har ya shugabanci kwamitin unguwarsu. Zamani ne da na gaba a yau yakan zama abin zargi gobe. A 1794 aka kama shi, ya yi kusan wata uku a tsare, ya fito da ransa a lokacin da aka fille kawunan mutane da dama. Daga nan ya janye daga siyasa, ya mai da hankali kan abin da ya daɗe yana damun sa a matsayinsa na mai girki.

Hanyoyin adana abinci a Turai a wancan lokaci ba su da nisa da waɗanda Bahaushe ya gada: a shanya kamar kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa, a yi banda kamar kifi, a zuba gishiri, a dafa da sukari, ko a jiƙa a ruwan tsami. Kowace hanya tana tsare abincin amma tana canza shi. Gishiri yana taurara nama, shanya tana ɗauke ƙamshi, sukari kuma yana da tsada. Waɗanda suka fi shan wahala su ne ma'aikatan jiragen ruwa, masu yin watanni a teku suna cin naman gishiri da busasshen biskit, har su kamu da ciwon da ke sa dasashi zubar da jini, haƙora su kakkaɓe, saboda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace.

Aikin duka a bakin kwalba yake

Wajen 1795 Appert ya koma Ivry-sur-Seine, a bayan garin Paris, ya duƙufa gwaji. Ya fara da kwalaben da ya fi sani, wato na giyar Champagne, saboda kaurinsu. Daga baya ya sa masu aikin gilashi suka ƙera masa wasu masu faɗin baki, don nama da 'ya'yan itace su shiga.

Hanyar tasa mataki huɗu ce. A zuba abincin a kwalba, a bar ɗan fili a sama. A toshe bakin da matuƙar kulawa. A jera kwalaben a babbar tukunya, a zuba ruwa, a tafasa na tsawon lokacin da ya dace da irin abincin, tun da abin da ya ishi 'ya'yan itace bai ishi nama ba. Sannan a sauke a kan lokaci, a bar su su huce, a duba kowace ɗaya.

A cikin huɗun, mataki na biyu ya fi ba muhimmanci, domin a ganinsa nasarar aikin ta fi rataya a kan toshewa. Ba ya sayen matoshi sai mafi inganci, ko da ya fi tsada. Kafin a sa shi, sai a matse shi da wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi don ya yi laushi, a tsoma a ruwa, a tura a wuyan kwalba, a buga da katako har ya zauna daram. Sannan a ɗaure da waya a gicciye, kamar yadda aka saba ɗaure giya mai kumfa, don kada tiririn da ke ciki ya tunkuɗo shi lokacin tafasa. Kowace kwalba kuma ana sa ta a ɗan buhun zane mai kauri, ta yadda in ta fashe a tukunya gilashin ba zai warwatsu ya yanki masu aiki ba.

Manyan kwalabe masu faɗin baki su suka fi ba shi wuya, don ba a samun ɓawo mai kaurin da zai toshe su a yanka ɗaya. Ɓawon kuma yana da ƙananan ramuka da suka bi ta hanya guda, in suka miƙe daga sama zuwa ƙasa iska za ta bi ta cikinsu. Sai ya riƙa yanka ɓawon gida uku ko huɗu, ya manna su da danƙon da ake yi da kifi, ya jera su yadda ramukan za su kwanta a gicciye. A kan matoshin kuma yakan shafa wani kwaɓi na farar ƙasa irin ta shafen gini da cukun madara, wanda ke bushewa ya yi tauri, ruwan zafi bai narkar da shi.

A 1802 ya koma garin Massy, kudu da Paris, ya kafa masana'anta a tsakiyar gonarsa, don wake da ganye su shiga kwalba ranar da aka tsinko su. Ita ake ɗauka a matsayin masana'antar adana abinci irin wannan ta farko a duniya, kuma da aiki ya bunƙasa mata kusan hamsin ke aiki a cikinta. Rundunar sojan ruwan Faransa ta gwada kayansa a tashar Brest, aka buɗe kwalaben bayan wata uku aka tarar da romo da koren wake lafiya lau. Sanannen marubucin harkar abinci Grimod de la Reynière ma ya yaba masa a rubuce.

Yabo dai bai biya bashi ba. Kwalabe da matosai masu inganci suna da tsada, shi kuma ya fi iya gwaji a kan ciniki. A 1806 ya kai kayansa bajekolin masana'antun Faransa a Paris bai samu lambar yabo ba, a shekarar kuma ya samu karayar arziki, ko da yake bai rufe masana'antar ba.

Franc 12,000 da sharaɗi

Ana yawan ba da labarin cewa Napoleon ne ya sa gasa don a samo hanyar ciyar da sojojinsa, Appert ya lashe. Abin da takardun gwamnati suka nuna ya ɗan bambanta. A 1809 ƙungiyar ƙarfafa masana'antu ta Faransa ta binciki kayansa ta gamsu, shi kuma ya gabatar da aikinsa ga ma'aikatar cikin gida. A watan Janairu 1810 ministan cikin gida Montalivet ya sanar da shi cewa za a ba shi franc 12,000, da sharaɗin ya buga littafi da kuɗinsa ya bayyana dabarar ga kowa, ya kuma miƙa wa gwamnati kwafi 200.

Hanya biyu ce a gabansa. Zai iya neman takardar mallakar fasaha ya riƙe dabarar yana cin riba, ko ya karɓi kuɗin ya buɗe sirrin. Ya zaɓi ta biyu. A tsakiyar 1810 littafin ya fito da sunan L'Art de conserver, pendant plusieurs années, toutes les substances animales et végétales, wato dabarar adana nama da kayan lambu na tsawon shekaru. Bai ɓoye komai ba, har da zanen kayan aikin toshe kwalba ya sa. Nan da nan aka fassara shi zuwa Jamusanci, aka buga na Turanci a Landan a 1811, a New York kuma a 1812.

Gwangwani ya tafi Ingila

A watan Agusta na 1810, watanni kaɗan bayan fitowar littafin, wani ɗan kasuwa a Landan mai suna Peter Durand ya karɓi takardar mallakar fasaha a kan adana abinci ta wannan hanya, ya haɗa da mazubin ƙarfe mai rufin kuza. Wani Bafaranshe mai ƙere-ƙere, Philippe de Girard, shi ya kai masa dabarar. Durand ya sayar da takardar ga Bryan Donkin da John Hall a kan fam 1,000, su kuma suka buɗe masana'antar gwangwani a unguwar Bermondsey ta Landan, wadda ta fara fitar da kaya a 1813 tana sayar wa sojan ruwan Birtaniya.

Gwangwani ya warware matsalar da Appert ya yi shekaru yana fama da ita, don ba ya fashewa kamar gilashi, kuma murfinsa liƙe shi ake yi da dalma, ba sai an nemi ɓawon itace ba. Na farko-farko suna da kauri ƙwarai, sai da guduma da ƙarfe mai kaifi ake buɗe su, domin abin buɗe gwangwani bai bayyana ba sai a shekarun 1850. Ingila tana da ƙarfe mai arha, tana da jiragen da ke zagaya duniya, don haka kasuwar ta zama tata. An yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A gida kuwa yaƙi ne ya riski Appert. Da sojojin ƙawancen da suka kayar da Napoleon suka shiga Faransa a 1814, sun lalata masana'antarsa ta Massy, a 1815 kuma ta sake shan ɓarna. Yana da shekara sittin da biyar ya koma farawa daga tushe. Gwamnati ta ba shi wuri a ginin Quinze-Vingts a Paris, inda shi ma ya koma amfani da gwangwani. Ya ci gaba da gwaji a kan dunƙulen romo, da madarar da aka ƙafe ruwanta, da kuma ɗumama giyar inabi a kwalba don kada ta lalace a doguwar tafiyar teku. A 1820 ƙungiyar ƙarfafa masana'antu ta ba shi lambar zinariya. A 1827 aka tashe shi daga Quinze-Vingts, ya sake kafa wata masana'antar a Paris yana dab da shekara tamanin.

Dalilin da bai sani ba

Appert ya san dabararsa tana aiki, amma ainihin dalilin ya ɓoyu gare shi da masanan zamaninsa. Masanin sinadarai Gay-Lussac ya binciki kwalabensa a 1810, ya yanke cewa rashin iskar oksijin ce ke hana abincin ruɓewa. Sai a shekarun 1860 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne ke ruɓar da abinci, su tsamar da giya da madara. Zafi yana kashe waɗanda ke cikin kwalbar, murfi kuma yana hana sababbi shiga. Pasteur ya karɓi takardar mallakar fasahar ɗumama giyar inabi a 1865, daga baya ya amince cewa Appert ya riga shi gwada hakan.

Gyaran bakin kwalba ma bai tsaya ba. A 1844 wani mai giya a garin su Appert, Adolphe Jacquesson, ya yi rajistar ragar wayar da ke riƙe matoshin Champagne. A 1858 John Mason ya fito da kwalba mai murfin murɗawa a Amurka. A 1892 William Painter na birnin Baltimore ya ƙera marfin ƙarfe mai haƙora da ke kan kwalaben lemo, wanda yara a Ghana ke tarawa suna koyon ƙidaya da shi. Masu Champagne ma a yau da irin wannan marfi suke rufe giyarsu lokacin da take tsima a rumbu, sai a ƙarshe su sa matoshin ɓawo.

Appert bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A 1836 ya miƙa sana'ar ga wani ɗan'uwansa, Auguste Prieur, ya koma Massy yana rayuwa da fanshon franc 1,200 a shekara da gwamnati ta yanka masa. Ya nemi lambar girmamawa ta Légion d'honneur ba a ba shi ba. Ya rasu a farkon watan Yuni 1841 yana da shekara 91, babu abin da ya bari da zai isa a saya masa kabari, aka binne shi a ramin da ake haɗa matalauta. Karramawar ta zo daga baya: tun 1942 ƙungiyar masana fasahar abinci ta Amurka ke ba da lambar yabo da sunansa, Faransa ta buga kan sarki mai hotonsa a 1955, aka kuma kafa masa abin tunawa a Châlons a 1991.

Abin da ya shafi Tamale

Matsalar da Appert ya tunkara ita ce manoman rani ke fuskanta kowace shekara a Bontanga kusa da Tamale, da Tono da Vea a jihar Gabas ta Sama, da Kadawa a jihar Kano. Tumatir yakan nuna lokaci guda, kwando ya faɗi warwas, wani ya ruɓe a bakin hanya, bayan 'yan watanni kuma a neme shi da kuɗi a rasa. Masana'antar tumatir ta Pwalugu, a kan hanyar Tamale zuwa Bolgatanga, ta yi ta buɗewa tana rufewa, haka ma ta Dangote a Kadawa tun da aka buɗe ta a 2016. A halin yanzu kuwa 'yan kasuwar Ghana suna tsallakawa Burkina Faso sayen ɗanyen tumatir da rani, yawancin markaɗaɗɗen da ke cikin gwangwani kuma daga Sin da Italiya ake shigo da shi.

Mata da yawa sun koma dafa markaɗen tumatir suna ɗurawa a kwalaben gilashi lokacin da ya yi arha, kuma matakan Appert su ne dai ƙa'idar. Kwalbar ta zama ta gilashi mai jure tafasa, don robar ruwa ba ta ɗaukar wannan zafi. Murfin ya zama wanda bai yi tsatsa ba, bai lanƙwashe ba, robar cikinsa ba ta tsage ba. A tafasa kwalbar bayan an rufe ta, ruwa ya shanye kanta, domin dafa tumatirin kaɗai kafin a ɗura bai wadatar ba. Masana suna ba da shawarar ƙara ruwan lemon tsami, saboda tsami yana hana ƙwayar cuta mafi haɗari tasowa.

Akwai kuma iyaka da kimiyya ta gano bayan zamaninsa. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, wannan ya ishi abinci mai tsami. Nama, kifi, wake da ganye kuwa suna iya ɗauke da ƙwayar Clostridium botulinum, wadda irinta ke jure tafasar ruwa, ta kuma fi son wurin da babu iska, gubarta tana shanye jiki har ta kashe. Sai an kai digiri 121 a tukunya mai riƙe tiriri ake gamawa da ita, irin tukunyar da magajin sana'ar gidan, Raymond Chevallier-Appert, ya yi wa rajista a 1852. Shi ya sa masana ke hana adana nama ko kifi a kwalba a gida da tafasar ruwa kaɗai, suke kuma cewa duk gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko kwalbar da murfinta ya ɗago, a zubar da abin da ke ciki ba tare da an ɗanɗana ba.